Bishiyar da Ba Ta Shan Ruwa

—kuma gidan burodin ma babu shi, an mayar da shi shagon gwanjo. Makarantarmu an toshe tagoginta da katako. Ƙaramin cocin bakin tafki wani mutumin birni ya saye, da rani kawai yake zuwa. Karen maƙwabcinmu Lahti ya mutu, shi kansa Lahti ya ranƙwafa, in yana maka magana takalminka yake kallo. Gwen ta yi furfura. Gwen fa, yayata, wadda take ɗaga ni da hannu ɗaya ta jefa ni cikin ruwa. Ɗakina ya zama ma'ajiyar kwalaye. Saman bene an rufe shi gaba ɗaya, man ɗumama gida ya fi ƙarfinsu. Kowace taga an manna mata leda, iska ta hura ta kumbura, ta lotsa, ta kumbura... kamar gidan ne ke numfashi da ƙyar.

Kai kuma Baba kana can maƙabartar kan tudu, dusar ƙanƙara ta rufe har sunanka.

Mama kuwa... me zan ce ya canza? Fuskar tana nan. Muryar tana nan. Sai dai takan tsaya a tsakiyar kicin riƙe da cokali, tana kallonsa kamar wani ne ya ba ta ajiya ya tafi.

Ga ta can ta sake ɗauko buta.

Ina zaune ina kallo. Tana tafiya a hankali cikin safa, ta durƙusa gaban bishiyar Kirsimeti, ta zura hannu ƙarƙashin rassa, ta tsiyaya. Kwanon da bishiyar ke tsaye ciki a cike yake tun safe. Tun jiya. Ruwan ya haura baki, ya bi ƙafar ƙarfen, ya shige kafet. Ba ta gani ba. Ganyen da ya zubo take gani, siririn nan kamar allura, ya cika ƙasa. Tana cewa baiwar Allah ƙishi take ji, wa ya bar ta haka?

Ba ta sha, Mama. Ba za ta sha ba.

Ban faɗa ba. A ciki nake faɗa.

Washegarin zuwana Gwen ta ce bana ba zancen sayen bishiya. Lahti yana da ɗaya, cikin waɗanda aka sare a ƙarƙashin wayar wuta tun farkon sanyi, tana yashe a bayan rumfarsa, in na iya ja in ɗauka. Na ja. Yatsuna kamar ba nawa ba — shekarun da na yi a kudu ina aikin rufin gidajen mutane cikin rana sun cinye min juriyar sanyi. Na iso bakin ƙofa ina haki, Mama na tsaye da bargo a kafaɗa, idonta tar, kamar na da.

"Wes, ka yanke mata ƙafa?"

Na ce eh.

Me ya sa? Zarton yana gareji, ya yi tsatsa, garejin kuma kamar cikin firij. Abin da bai fi faɗin yatsu biyu ba. Kai kullum sai ka yanke, Baba, kafin ta shiga gida. Kana cewa itacen da ya kwana a sare ƙaro ya toshe masa baki, in ba a buɗe sabon wuri ba ko a tafki aka tsoma shi ba zai sha ba. Ka yanke, ka miƙo min ɗan faifan in shinshina. Duk yaron garin nan ya san wannan. Ni ma na sani. Matar da ba ta tuna ko ta karya kumallo ta tuna, ta tambaye ni, ni kuma na dubi idonta na ce eh, don kawai in shiga in ji ɗumi.

Yanzu ga bishiyar an yi mata ado kamar amarya.

Ba abin shago ko ɗaya a jikinta. Gugguru ne a zare, doguwar sarƙa, Mama ta soke shi ɗaya bayan ɗaya da allura. Lemon zaƙi da aka yanka fale-fale aka busar a tanda. Tsofaffin katunan gaisuwa na mutanen da rabinsu sun mutu, an yayyanka an yi zobba. Ƙyallen rigunanka, Baba, masu gidan dara, ta ɗaura a kan rassa. Tun shigowar watan nan take yi, in ji Gwen. Hannunta bai manta komai ba. Ƙulli ɗaya ba ta kuskure. In tana saƙa zaren nan har waƙa take, har tsokana — ta ce min mai ƙafar yawo, ko a can ma akwai wadda ta iya riƙe ka? Gwen ta ce wa zai riƙe iska. Suka yi ta dariya, ni ma na yi.

Takarda. Zare. Busasshen lemo. Ƙyalle. Busasshen itace.

Da fitilunka.

Tsofaffin nan masu launi-launi, daga kwalin da ka rubuta wa suna da hannunka. Gwen ta ce sababbi sai wata shekara, waɗannan ai suna kamawa. Suna kamawa, eh. Na taɓa ɗaya ɗazu, sai da na janye yatsa. Wani zoben takarda da ke jingine da jan ƙwan fitila ya fara yin launin ruwan ƙasa a gefe. Akwai wani wari... ko ni ne? Mahaɗar wayar tana ƙasa, bayan kwanon, daidai inda kafet ya yi duhu.

A mota Gwen ta faɗa min, ranar da ta ɗauko ni muka je sayen gari da sukari. Ba ta kashe injin ba, ba ta dube ni ba.

"Na gaji, auta. Ba faɗa nake ba. In ka zauna, tana gidanta. In ka tafi, bayan biki zan kai ta gidan kula da tsofaffi, a sa gidan a kasuwa. Ni kaɗai ba zan iya ba kuma."

Na ce zan yi tunani. Ta ce to, yi da sauri, kanka ba ya son aiki mai tsawo.

Tunani. Ga shi ina yi. Gwen tana wurin aiki, ɗakin wankin asibiti, sai yamma liƙis. Ni ne mai gadi. Ni.

Abin gyarawa ne ai. A sauke komai, a kwantar da bishiyar, a nemo zarto mai kaifi wurin Lahti, a yanke, a tayar. Amma rassan sun riga sun bushe, in ka taɓa sai su zubo maka a hannu. Sai dai a fitar da ita waje. In tsaya gaban Mama ina kwance zarenta ɗaya bayan ɗaya, tana tambaya wa ya mutu, me ya faru, bikin ya wuce ne? Ta manta, ta sake tambaya. Gwen ta dawo ta dubi gindin itacen, baƙi ƙirin da ƙaro, ta dube ni. Ba za ta ce komai ba. Shi ne abin.

To in na gyara, sai me? Gobe murhu ne. Jibi ƙofa a buɗe, ita a titi da silifas. Shekaranjiya na tarar da tawul a cikin tanda. Ba bishiya ba ce, Baba, kowace rana ce, kowace rana har... har yaushe? In zama Lahti? In ranƙwafa a nan ina kallon takalman mutane?

Jakata tana ƙarƙashin kujerar da nake kwana. Ban taɓa kwashe kayan ba. Na ce wa kaina ba wurin sawa.

Darnell, abokin aikina, ya kira da safe, ya ce akwai sabon aiki, rufin wata makaranta, wurina yana nan in na iso kafin mako ya fita. A bayansa ina jin rana. Rana tana da sauti, wallahi. Rediyo kuma ya ce dusar ƙanƙara mai yawa tana tafe, in ta sauka hanyar kudu sai an share. Sararin sama ya yi kalar toka tun azahar. Nan duhu ba ya jiran dare.

Mama ta koma kicin. Ina jin famfo.

Na tashi. In na zare wayar daga soket za ta mayar, na gwada jiya, ta mayar tana mita wai wa ke kashe wa mutane biki. Amma fitilun nan naka, ƙwai ɗaya in ya fita duk layin mutuwa yake. Na zura hannu can ciki, kusa da gangar itacen, inda ido ba ya kai. Zafi. Na murɗa da bakin hannun riga... ɗif. Ɗakin ya koma toka. Ƙwan yana aljihuna, yana ƙona min cinya.

Shi ke nan. Ba wuta, ba zafi. Har Gwen ta dawo ba abin da zai faru. Na yi nawa. Ban yi ba? Zan kira ta daga hanya, in na wuce gada, in ce ta fitar da bishiyar. Zan aiko da abin da na samu. Gidan tsofaffin ma ai akwai ɗumi, akwai masu kallo dare da rana, waɗanda ba sa cewa eh alhali a'a ne...

Na tayar da motata, na bar ta tana ɗumi. Na dawo ɗaukar jaka. Takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

Motsi a falo.

Ta ajiye butar. Ta durƙusa gaban bishiyar, gwiwoyinta cikin jiƙaƙƙen kafet, hannun rigarta sharkaf. Gefenta gwangwanin biskit a buɗe, cike da ƙwayayen ajiya — ina ta samo shi? Na ɗauka an zubar. Ta kama wayar daga farko. Ta murɗe ƙwai na ɗaya, ta sa sabo, ta duba, ta mayar. Na biyu. Yadda kake yi. Ba ta tsallake ko ɗaya.

"Reino," ta ce, ba ta waiwayo ba, sunanka ta kira, "riƙe min nan. Ɗaya ne kawai ya mutu, yanzu zan gano shi."

Za ta gano. Layin ba shi da tsawo.

Injin yana kuka a waje. Ledar taga ta kumbura, ta lotsa. Igiyar takalmin tana hannuna, na ja, na zagaya... yaya ma ake ƙullin nan?

Ta kai na biyar. Ko na shida.