Kafin Ruwa Ya Janye a Siyu

Ina da wani hali: in aka tambaye ni abin da ban sani ba, sai in gyara tsayuwa in fara bayani. Shi ya sa da Zuhura ta tare ni a ƙofar ɗakin mahaifinta ta ce, "Malam Kombo, kai ka karanci halayyar ɗan Adam. Abin nan na Baba, ciwo ne ko mene ne?" ban ce mata ban sani ba.

Mahaifin nata, dattijon da muke kira Mzee Famau, maƙwabcina ne a nan Siyu, garinmu na tsibiri, bango ɗaya ya raba mu. Shekara arba'in yana tsara waƙa, yana cewa ba shi ke yi ba: wani haske ne ke sauka ta rufin kaba, sai ya ji garin duka, har jakuna, suna numfashi tare da shi. Ni kuma shekara shida ina rubuta littafi a kansa. Ina babi na biyu.

Wannan karon hasken ya kwana uku bai tafi ba. Tsohon ba ya cin komai, sai baiti.

"Jirgin ruwa mai zuwa Lamu zai tashi kafin ruwan teku ya janye," in ji Zuhura. "In ya wuce, ba asibiti sai gobe."

Daga kan gado tsohon ya ce, "Wa nake ji? Mai babi biyu? Shigo da alƙalaminka. Saura baiti tara in sa sunana."

"Baba, ka sa shi a Lamu."

"Hasken bai san hanyar Lamu ba, 'yar nan. Waƙar da ba a rufe da sunan mai ita ba kuwa marainiya ce."

Na ja ta gefe. Na ce masana sun nuna ba duk mai ganin abin da ba mu gani ne maras lafiya ba. Wasu kan kai wani matsayi inda tsoro ke gushewa, mutum ya cika, ya zama abin da aka halicce shi ya zama.

"Masanan nan sun taɓa goshinsa? Kamar kasko yake."

Na gyara tsayuwa zan ci gaba da bayani, ta katse ni.

"To, kai ka faɗa da bakinka. In ka ce a bar shi, na sallami masu ɗaukarsa."

Maza biyu na tsaye a tsakar gida da gadon igiya, suna duban rana. Na dubi takardar da ke hannuna. Har yau ban san don wa na yi magana ba.

"A bar shi."

Ya yi ta faɗa ina rubutawa, muryarsa na raguwa, Zuhura na jiƙa masa leɓe da ruwan kwakwa, ba ta kallona. Bayan la'asar ya kai baiti na tara, ya faɗi sunansa a sarari, ya ce, "Ka karanta mini." Ban kai ƙarshe ba ta rufe masa ido.

Bayan jana'iza na yi kwana huɗu ban fita ba, ina shirya abin da zan gaya wa Allah. Ran na biyar na gangara bakin ruwa. Jirgin na zaune a laka, ya karkata, matuƙin ya baje sassan inji a kan tabarma, kaza na kiwo a tsakaninsu.

Matuƙin ya ce mini tun ana gobe Mzee zai rasu injin ya mutu. Ranar babu jirgin da ya tashi.