Dala Goman Kawu Wendell

Kwana goma sha tara sammacin ya yi a manne a jikin firjin Kawu Wendell, kusa da hoton marigayiya matarsa Lorraine, kafin mahaifiyata ta gan shi. Wani kamfani mai sayen tsofaffin basussuka ne ya maka shi a kotun garinmu, Toledo, kan dala dubu huɗu da ɗari biyu, bashin wani katin banki da ya daina biya shekara goma sha ɗaya da suka wuce.

"Yaya, ka san mene ne wannan kuwa?" in ji Mama.

"Takarda ce."

"Takarda ce! Saura kwana tara ka ba da amsa. In ka yi gum, alƙali ya ba su gaskiya ko ƙeyarka bai gani ba, su riƙa yanke kashi ɗaya cikin huɗu na albashinka. Da me za ka biya haya? Da murmushi?"

Ni na san inda kuɗin nan suka tafi. Da katin ya kai Lorraine Florida ta ga teku, a shekarar da likitoci suka ce ba za ta kai Kirsimeti ba. Kawu bakaniken motocin bas ne, hannunsa bai taɓa rabuwa da baƙin mai ba, amma ya ɗauke ta cak ya shiga da ita ruwa har gwiwa.

Ran Laraba muka kai shi wurin Lauya Abernathy, mai taimakon marasa hali kyauta. Ko gama labarin tekun ba ta bari ya yi ba.

"Malam Wendell, kotu ba gidan makoki ba ce. Rubuta ka musanta. Rubuta lokaci ya wuce. A jihar nan, bashin kati in ya shekara shida ba a taɓa shi ba, ba a iya kai ƙararsa kotu. Amma faɗa mini tsakaninka da Allah, ka biya su wani abu a shekarun nan?"

"Ko sisi," in ji Kawu.

Ranar shari'a lauyan kamfanin ya iso yana tura fayiloli a keken kaya kamar mai sayayya a kanti. Suna tamanin aka kira, mutum huɗu suka amsa. Sauran an cinye su a zaune a gidajensu. Da aka zo kanmu Mama har wani gyara zama ta yi, irin na wadda ta zo kallon a ci wa wani mutunci.

Lauyan ya zaro takarda ɗaya tak. "Ya mai shari'a, shekara biyu da suka wuce, a watan Maris, wanda ake ƙara ya biya mu dala goma."

"Ƙarya ne!" Mama ta miƙe.

"A'a, Rhonda, zauna," in ji Kawu a hankali. "Ai wannan ba biya ba ne. Taimako ne."

Alƙaliya ta cire tabarau. "Wa ka taimaka wa?"

"Wata yarinya ce, Crystal, ranki ya daɗe. Ta bugo mini daga kamfanin. Mai ladabi, wallahi. Minti arba'in tana sauraren labarin matata, har ta yi kuka. Sai ta ce in ba ta samo ko dala goma ba ranar, shugabanta zai kore ta, ga ɗa ƙarami. To ni ina zan iya kashe waya a kan haka?"

Lauya Abernathy ta ajiye alƙalaminta. Alƙaliya ta yi masa bayani da muryar da ake gaya wa mutum rasuwa: duk wanda ya biya wani abu a tsohon bashi, komai ƙanƙantarsa, lissafin shekara shida ya koma farko. Ta ce su fita waje su daidaita kafin ta yanke hukunci.

A baranda aka tsayar da magana: dala saba'in duk wata, har shekara biyar, ba za a taɓa albashi ba. Kawu ya sa hannu.

"Shekara biyar!" Mama kamar ta shaƙe shi. "Ni ƙanwarka uwa ɗaya uba ɗaya, yaushe rabon da ka saurare ni minti biyar? Da ni ka ba dala goman nan, kuka zan yi maka har da birgima!"

Kawu bai kula ta ba. Ya taɓa hannun rigar lauyan kamfanin. "Don Allah, ɗan'uwa, ba su dai kore ta ba ko?"

Lauyan bai ko ɗago daga wayarsa ba. "Duk 'yan matan ofishin nan sunansu Crystal, Malam. Kukan ma yana shafi na uku a takardar da suke karantawa."

Na ga fuskar kawuna ta tsufa a gabana. Na riƙe hannunsa, ina jiran ya yi zagi ko sau ɗaya a rayuwarsa.

Lauyan ya tura kekensa, tayar ta maƙale a bakin ƙofa. Kawu ya zare hannunsa daga nawa, ya je ya riƙe masa ƙofar har ya wuce.