Waldar Surukin Sirajo

Sirajo mai hatsi ya rasu ranar Alhamis da hantsi a hanyar Shinkafi, tsakanin Kurya da Badarawa, bayan ɗakin tafi-da-gidanka da yake ja da a-kori-kurarsa ya tsinke ya hau motar ta baya. An kawo gawarsa Ƙaura Namoda kafin azahar, aka yi masa sutura bayan la'asar. Ɗakin yana can a gefen titi, kuma ƙanensa Alamin aka ce zai je ya jawo shi.

Muhtari, wanda katanga ɗaya ta raba gidansa da na mamacin, yana cikin waɗanda suka ɗauko gawar. Tsohon direban tirela ne, ciwon baya ya zaunar da shi. Tun ranar da aka shigo da ɗakin unguwa bai ga abin burgewa a cikinsa ba: wani farin akwati mai taya da taga, wanda wani kamfanin gyaran hanya ya gama yayinsa ya sayar. Sirajo kuwa sai ya riƙa buɗe ƙofar yana nuna wa mutane gado da wurin alwala, kamar shi ya ƙera. Dalilinsa dai ba na wauta ba ne. Kasuwar Shinkafi takan kai shi har yamma, hanyar kuma ba ta biyuwa in rana ta yi sanyi saboda 'yan bindiga. Da ɗakin, sai ya kwana kusa da buhunansa ya taso da safe.

Gaban ɗakin yana da dogon wuya, da ƙusa mai kauri a ƙarƙashinsa. Muhtari ya duba sau ɗaya ya ce, "Wanga bisa faranti yake zama, irin na tirela. Cikin bodi za a ɗaure shi, daidai saman tayoyin baya, nauyin ya sauka nan. In ka maƙala shi ga bamba, ƙarfen can na bayan mota, gaban motar ɗagawa zai yi."

Sirajo ya yarda. Har ya samo mai faranti a Gusau, sun yi magana ta waya.

Sai labari ya kai kunnen Maigari, mai walda a bakin tasha, mahaifin Zulaihat matar Sirajo. Ya zo da kansa, ya tsaya ƙofar gida. Sirajo ya cire takalmi ya durƙusa.

"An ce mini Gusau za ka kai aiki," in ji Maigari. "Na mutu ne ba a hwaɗa mini ba?"

"A'a, Baba."

"Kuma ka cike bodi da faranti, gero ka aza shi ina? Bisa kai? Kawo motar gobe."

"To, Baba."

Muhtari yana zaune a dakalinsa, ya ji duka. Sirajon da ke daka wa 'yan dako tsawa har a ji shi a ƙarshen layi, ga shi yana kallon ƙasa kamar wanda ya yar da allura.

Maigari ya yanke wuyan ɗakin, ya saukar da shi, ya lanƙwasa wani tsohon ƙarfe ya yi ƙugiya, ya liƙa ta a bamba. Ya shafe wurin da baƙin fenti mai kauri. Da aka dawo da motar, Muhtari ya tsuguna ya shafa. A ƙarƙashin fentin waldar ta tsaya ƙulu-ƙulu kamar kashin awaki.

"Ɗauko guduma ka buga nan," ya ce wa Sirajo.

"In buga guduma ga aikin baban Zulaihat? Ga titi, mutane na kallo?"

"To shiga da motar gida ka buga."

"Zulaihat na ciki."

"Kunya za ta ja maka ɗakin ke nan."

Sirajo ya yi dariya, ya ce tsofaffin direbobi ba su ganin aikin kowa da kyau. Tafiyar ranar Alhamis ɗin ita ce ta farko da ya yi da ɗakin.

Kashegarin jana'iza aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan. Maigari ya zauna a tsakiya da carbi, shi ke karɓar gaisuwa kafin 'yan'uwan mamacin. Duk wanda ya tambayi yadda abin ya faru, amsarsa ɗaya.

"Taya ce ta hwashe. Kwana ya ƙare."

Mutane su gyaɗa kai, su shafa addu'a, su tashi. Muhtari ya ga tayoyin da idonsa, na motar da na ɗakin, duk da iskarsu. Ya ga bamban, ya ga inda ƙugiyar ta ɓare ta bar fenti a baki-baki. Cikin masu gyaɗa kan akwai mutum uku da suka je wurin tare da shi. Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya sami abin dubawa a tabarma.

Alamin ya gyara zama. Shi ma a-kori-kura gare shi, yana jigilar albasa zuwa Zurmi.

"Baba, ɗakin nan in ya ƙara kwana can, 'yan gwangwan masu tsintar ƙarfe za su kwance shi. Dukiyar marayu ce. Gobe ni ke son tahiya."

"Kawo motarka da marece in yi mata ƙugiya," in ji Maigari.

Muhtari bai ɗaga murya ba. "Irin wadda ta kashe Sirajo?"

Carbin Maigari ya tsaya. Liman ya juyo ya ce, "Malam Muhtari, zaman makoki muke."

"Na sani, Malam. Shi ya sa ba ni son a sake wani."

"Ɗiyata ke takaba cikin gidan ga," Maigari ya ce. "Ni za ka ce na maishe ta haka? Aikin da nike tun ba ka san sitiyari ba?"

Aka shiga ba Maigari haƙuri. Wani ya kawo masa ruwa. Wani dattijo ya raɗa wa Muhtari cewa abin da ya yi bai dace ba, ko da gaskiya ce akwai ranarta. Babu wanda ya ce ƙarya ya yi.

Da aka watse, Muhtari ya tare Alamin a lungu.

"Nemi babbar mota a aza ɗakin bisa. Ko ka bar shi su kwance. Ƙarfe ne."

"Na ji ka, Baba Muhtari. Amma da ba ka yi maganar cikin mutane ba, da na san yadda zan zille. Yanzu in ban kai motar ba, na ce shi ya kashe yayana ke nan. Gaban 'yarsa."

"To shi ya kashe shi."

Alamin ya duba hagu da dama. "Zan ce ya ƙara mata sarƙa. Kuma sannu zan tahi."

Muhtari ya dube shi. Irin durƙuson nan ne na yayansa, sai dai wannan a tsaye yake yinsa.

Da marece, a hanyar masallaci, ya ga motar Alamin a rumfar Maigari, janareta na ƙugi, tartsatsi na zuba a ƙarƙashin bamba. Gwangwanin baƙin fenti yana gefe a buɗe. Bai tsaya ba.

Alamin ya fita da sassafe ranar Asabar. Wani direban Shinkafi da ya shigo tasha wajen azahar ya ce ya wuce shi bayan Kurya, ɗakin na biye da shi yana lilo kaɗan-kaɗan. Muhtari ya fito da kujerarsa bakin layi, inda ake hango kwanar titi, ya ajiye waya a cinya. Masu zuwa gaisuwa suna wuce shi, wasu su yi sallama, wasu su kau da kai. Har aka kira la'asar, wayar Alamin ba ta shiga.