Katin Hoton da Ya Sha Aiki

Wata bakwai ke nan Direba bai taka waje ba sai zuwa asibiti. Tun da tirelarsa ta kife aka sa masa ƙarfe a ƙugu, duniyarsa ta koma falo da taga ɗaya. Abin da kawai ke sa shi magana shi ne wasan tuƙin manyan motoci da yake yi a waya, ita kuwa wayar sai ta yi zafi ta tsaya cak yana tsakiyar shan kwana. Matarsa, mai gwajin jini a wani ɗakin awo, ita ta ce su haɗa kwamfutar wasa ta gaske. Ya shafe makonni yana bincike, ya rubuta mata komai a takarda, ya ja layi biyu a ƙarƙashin katin hoto, domin shi ne ke zana duk abin da ido zai gani.

Ran Asabar da hantsi ta shiga layin masu kwamfuta. Shagon da aka kwatanta mata matsattse ne, kwalaye har rufi. Wani da ake kira Dogo ya karɓi takardar, ya zaro babban allon da ake dasa sauran kayan a kansa, da akwatin wuta da sauransu, tana duba lamba ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan katin hoto sai ya ce wannan ya ƙare, amma yana da wanda ya fi shi nesa ba kusa ba, sabo fil, kuma zai bar mata a farashi guda.

Ta kira mijinta, wayar ba ta shiga. Ta sake kira, shiru. Dogo ya ce akwai wanda zai zo ɗauka bayan azahar, in ba ta so.

Ta ce a buɗe. Dogo ya yanke ledar. Ba ta san komai game da katin hoto ba, amma shekara tara tana leƙen abin da ido ba ya gani. Ta karkata shi ga haske. Kawunan ƙusoshin sun ɗan cinye, kamar an sha kwance su. A bayan fuka-fukan fankar da ke jikin katin akwai siririyar ƙura mai maiƙo, irin wadda goga ba ta kaiwa.

"Wannan ya yi aiki," in ji ta.

"Hajiya, kayan mata daban, kayan wuta daban. Ki tambayi wanda ya aiko ki."

Maƙwabtan shago biyu suka matso bakin ƙofa, ɗaya yana murmushi. In ta yi kuskure, ta kunyata mutum a gaban abokan sana'arsa, kuma ta watsar da abin da watakila mijinta zai yi murna da shi. In ta yi shiru, ta kai masa mushe a kwali. Ta ajiye katin a kan tebur, ta ce a jona shi a kunna wasa ta gani.

Dogo ya ce ba a gwada sabon kaya. Wani dattijo da ke can ciki yana gyaran allo, wanda ashe shi ne mai shagon, ya ɗago ya ce a gwada mata.

Aka jona. Hoto ya fito tar, mota na gudu a kan titi, itatuwa na wucewa. Dogo ya harɗe hannu. Minti biyar, minti takwas, ba abin da ya faru. Masu kallo suka fara ƙus-ƙus, ɗaya ya ce a bar mutane su yi ciniki. Ta ce a ƙara kaɗan. Ita kanta ta fara shirya kalmomin ban haƙuri.

Sai fankar ta ɗauki wani kuka kamar injin niƙa. Koren ɗigo ya bazu a sararin samaniyar wasan, titin ya tsage gida-gida, allon ya yi baƙi.

Dattijon ya taso, ya taɓa katin ya janye yatsa da sauri. Ya tambayi Dogo daga ina wannan ya shigo shagonsa, Dogo ya ce wani ne ya kawo. Dattijon ya ce za su yi maganar daga baya, kuma yadda ya faɗe ta ya sa maƙwabtan suka watse. Ya aika shagon ƙaninsa aka kawo ainihin wanda ke cikin takardar, ya buɗe a gabanta, ya gwada rabin awa cur.

Da ta isa gida ta tarar Direba ya share teburin cin abinci, ya jera sukundireba uku, wayarsa kuma na can a kashe a caji a ɗaki. Ta ba shi labari tana cire takalmi. Ya saurara har ƙarshe, ya daɗe yana kallonta.

"Da ni na je, da na karɓo wancan da Dogo ya ce ya fi," ya ce.

Ya miƙa mata takardar bayanin babban allon, ya ce ta karanta masa a hankali, shi zai ɗaura.