Kada Ki Ɗaga Hannu

Saura kwana uku 'Yar Firit ta shiga jarrabawar ƙarshe, wadda ake yi a bakin gadon majinyaci, malamai na tsaye a kanka suna kallon yadda kake sarrafa hannu. Shekara biyar ke nan tana karatun jinya a jami'a, ta sha tsawar sistoci har ta saba. In ta haye, sai rajista, ta zama cikakkiyar nas. In ta rasa zama, sai baɗi. Sunan 'Yar Firit ɗin ma a ɗakin gaggawa aka laƙaba mata shi, don ko ƙaramar rigar aiki ta saka sai ta naɗe hannu.

Da hantsi, tana bakin aiki a ɗakin, aka shigo da wani kafinta, injin yankan katako ya tsarge masa cinya, jini na tsartuwa har bango. Likita ya cusa bandeji a raunin, ya kamo hannayen 'Yar Firit biyu ya ɗora, ya ce ta danne da duk nauyinta. Wane nauyi, Allah na tuba!

"Ko gini zai rufto, kada ki ɗaga sai na dawo," in ji shi, ya ruga a shirya tiyata.

To, ɗakin gaggawa ba a bin layi. Wanda ya fi kusa da kabari shi ake fara dubawa. Wani direba ya kai awa guda a kan benci da tsohuwarsa mai jiri. Sista ta auna ta, ta ce za ta iya jira, ta tafi karɓo jini. Shi kuwa gogan abin da ya gani kawai, an tsallake uwarsa an rufu a kan wanda ya zo yanzu. Ya miƙe yana huci, ya tsaya a kan 'Yar Firit, ya ce ta taso ta duba Mama. Ta ba shi haƙuri, ta ce in ta ɗaga, mutumin nan ba zai kai minti biyu ba. Ya ce ita ba uwa ce ta haife ta ba?

Marin farko ya tsinke mata ɗan kunne. Na biyu ya fasa mata leɓe, ta ji gishirin jini a baki. Ya shaƙo wuyan rigarta yana ja, ta saƙale ƙafa a ƙafar gadon, gadon ya biyo su ƙiiii, kafinta na nishi. Tsoro ya kama ta ƙwarai, hawaye na zuba, amma hannu na nan inda aka ajiye shi. Masu jira kuwa sai salati suke daga nesa, an rasa mai zuciyar matsowa.

Ya sunkuci ƙarfen da ake rataya ledar ƙarin ruwa, ya maka mata a wuyan hannun dama. Ta ji ƙas. Hannun ya saki, jini ya feso mata a fuska. Ta ƙwalla ƙara, ta haye gadon, ta kafa gwiwa a kan raunin ta tallafa da hagu. A haka masu gadi suka same su. Suka yi ƙasa da direban, suka yi masa lilis har haƙorinsa ya fita, tsohuwa na roƙon a bar mata ɗa.

An wuce da kafinta tiyata da ransa. Sista ta zaunar da 'Yar Firit, ta sa almakashi ta yanke safar hannun, don kumburi ya hana ta cirewa. Da aka ɗauki hoton ƙashin hannun, Sista ta ɗaga shi ta duba.

"Sista, sati nawa?" in ji 'Yar Firit, baki a kumbure.

"Shida, 'yata. In ya haɗu da kyau."

"Jarrabawar fa? Da hagu ba za su bari ba?"

Sista ta girgiza kai. 'Yar Firit ta kifa fuska a kafaɗarta, ta fashe da kuka mai cin rai.