Inuwar Sanda

Shekara sittin da ɗaya Luang Pu Bunthan bai sa ƙwayar shinkafa a baki ba bayan rana ta raba tsaka. Ƙa'idar 'yan zuhudu ce, duk ƙauyukan yankin Isan an san ta, amma tsohon, da ake wa laƙabin Luang Pu, wato Kaka Mai Girma, ya riƙe ta fiye da kowa. To, ga shi tsufa ya taɓa masa kai. Sai ya ci da hantsi, ya wanke hannu, jim kaɗan ya ce yau an hana shi abinci.

Mai jinyarsa ɗalibinsa ne, Phra Thongsuk, tsohon direban bas da ya aske kai ya ɗaura mayafi yana ɗan shekara hamsin. Lokacin da ya zo wannan gidan ibada na daji, ban da zagi da saurin fushi ba abin da ya iya. Shekara tara tsohon yana fama da shi har ya zama mutum. Yanzu shi ke yi masa wanka da aski, kuma ya san ba abin da malaminsa yake so kamar ya mutu yana ɗan zuhudu, cikin mayafinsa.

Sai dai akwai Mae Lamduan, 'yar ƙanen tsohon, mai sayar da taliya a kasuwa, wadda bakinta ba ya hutawa. Tun damina ta faɗa wa Thongsuk ƙiri-ƙiri: "Malam direba, ranar da na ga tsohon nan ya ci bayan tsakar rana, na san ya manta ko shi wane ne. A ranar zan tafi da shi gida, ya tuɓe mayafin, ya ci ya ƙoshi." Ba mugunta ba ce, tausayi ne, shi ya sa maganar take ba Thongsuk tsoro.

Ran nan ta zo wajen ƙarfe biyu, ta durƙusa a bakin rumfa, ta buɗe ɗan kwandon shinkafa mai danƙo da gasasshen kifi. Ƙamshi ya cika wurin.

"Luang Pu, kana jin yunwa?"

"Yunwa kai! Tun jiya ba su ba ni komai ba."

"Ka ji ko?" Ta harari Thongsuk.

Ɗan zuhudu ba ya karɓar abu daga hannun mace, ƙyalle yake shimfiɗawa ta ɗora a kai. Tsohon ya laluba, ya zaro ƙyallensa ya shimfiɗa. Thongsuk ya dubi kwandon. Da a tasha ne, da tuni ya yi cilli da kwandon. Amma ɗalibi ba ya fizge abu daga gaban malaminsa, ba ya ce masa kar ka yi, ƙarya kuma ba ta halatta gare shi ba. Abu ɗaya ya rage masa, tambaya.

Ya haɗa tafukansa ya sunkuya. "Luang Pu, don girmanka, sake koya mini yadda ake gane lokacin ci ya wuce idan babu agogo."

Hannun tsohon ya tsaya. Ya dube shi sama da ƙasa. "Ƙato da kai? Kai, zamani! Kama ni."

Ya riƙe shi suka sauko fili. Tsohon ya kafa sandarsa a ƙasa, ya miƙar da ita, muryarsa ta dawo ta da, mai kaifi. "Da hantsi inuwa tana yamma. Tana ta ƙanƙancewa har ta shige ƙarƙashin sanda. Da zarar ta leƙo gabas, an rufe baki. Yanzu tana ina?"

"Gabas, Luang Pu."

"Ta yi nisa?"

"Ta kai kamu biyu."

Tsohon ya ƙura wa inuwar ido. Can ya waiwaya, ya hango kwando a buɗe.

"Ke, wace ce ke kawo wa ɗan zuhudu abinci yanzu? Ba ki da manya a gidanku?"

"Ni ce Lamduan, Luang Pu. Kai ka ce yunwa kake ji."

"To sai me? Yunwa ai ba ta kashe mutum kafin gobe. Rufe!"

Ta rufe. Thongsuk ya zaunar da shi, ya dama masa zuma da ruwan ɗumi, wanda ƙa'ida ta yarda da shi. Tsohon ya kurɓa, yana leƙen fuskarsa kamar yau ya fara ganinta.

"Kana da ladabi, sai dai ba ka da karatu. Wane ne malaminka?"

Hawaye suka cika idon Thongsuk, na daɗi da na ciwo a haɗe. "Wani tsoho ne mai faɗan tsiya, Luang Pu."

"Kar ka rabu da shi."

"Ba zan rabu da shi ba."

Mae Lamduan ta goge ido da gefen zanenta, ta rungumi kwandonta, ta ja da baya a durƙushe. Sai da ta kai matakala ta juyo.

"Malam direba, sanyi ya kusa. Gobe da sassafe zan kawo masa bargo, ka rina shi kalar mayafinsa."