Takardar da ke Ƙarƙashin Tabarma

"Barci yake," in ji Zuhura, ta tare ƙofar ɗaki da jikinta, alhali tarin mijinta Agali har waje ana jin sa.

Lailatu, ɗiyar maƙwabcinsu Na'Allah, ta miƙo takarda. "Inna, hannu kawai Baba zai sa. Porje ce, ƙungiyar raya karkarar nan, ke ɗaukar ma'aikata, Litinin za su ruhe."

"Aje ta nan. In ya tashi."

Zuhura ba ta iya faransanci ba, amma ba yarinya ba ce. Shekara nawa Na'Allah na haɗiyar miyau a kan ɗan filin da ke tsakanin gidajensu, inda Agali ya kafa ma'aunin ruwan sama? Yanzu mutum na kwance rai a hannun Allah, sai ga ɗiyar Na'Allah kullum da takarda da alƙalami, suna ƙus-ƙus. Ruwa ba ya tsami banza. Ta cusa takardar ƙarƙashin tabarma.

Da la'asar Agali ya buɗe ido. "Yarinyar nan ta kawo?"

"Ba ta zo ba," ta ce, kuma ba ta ji kunyar ƙaryar ba.

Ranar Asabar da hantsi ya cika.

Sai da aka dawo daga maƙabarta ta jawo ɗansu Mohamed, wanda ya zo daga Maraɗi, ta damƙa masa takardar. "Karanta mini abin da suka so su ci."

Ya karanta, ya ɗago kai. "Inna, babu hili a nan. Shaida ce. Baba ya ce tun da idonsa ya mutu, damina huɗu, Lailatu ce ke duba ma'auni kowace sahiya, ta rubuta, ta kai ofishin noma. Ɗaliba ce, ba ta taɓa aiki ba. Wannan kaɗai za ta iya sawa a takardarta ta neman aiki."

"To, sa mata hannun."

"Nawa ba ya yi, Inna."

Ta karɓi takardar daga hannunsa. Ta so a ce maganar fili ce.

Ranar Litinin aka wayi gari da ruwa. Zuhura ta fito neman Lailatu da takardar a cikin mayafi don kada ta jiƙe. Lailatu na tsugune gaban ma'aunin, ta karkata kai tana duba layin ruwan, kamar yadda tsohon ya koya mata.